Yadda Ake Farautar Kayan Cikin Tsohuwar Mota: Jagora Daga Tawa

Duk wanda ya taɓa tayar da tsohuwar Peugeot 504 ya san inji ba shi ne abin tsoro ba. Fistin, famfon ruwa, kalifan birki, duk ana samunsu, wasu ma sababbi a kwali. Inda aiki ke cijewa shi ne cikin mota: tablo, wato allon da ke gaban direba, da rana ta tsattsaga, mariƙin ɗaga gilashi da ya karye, marfin ɗan akwatin gaba da ya ɓata tun zamanin da motar ke jigila. Shekara biyu na yi ina haɗa cikin 504 doguwa da mahaifinmu ya bari a nan Tawa, alhali injinta wata guda bai cika ba ya tashi. Da 504 zan riƙa misali don ita na sani ciki da waje, amma hanyar ɗaya ce ga mai 404, ko Mercedes W123, ko tsohuwar Land Cruiser.

Dalilin wahalar a fili yake. Kamfani na ci gaba da ƙera abin da ke cinyewa, don kullum akwai mai saye. Allon ƙofa kuwa ba wanda ke sauya shi duk shekara, saboda haka da an daina ƙera mota ake daina ƙera shi. Ga kuma ranarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa. Maiƙon da ke sa ledar tablo taushi yana ƙafewa, ledar ta ƙanƙance ta fashe, soson da ke ƙarƙashinta ya koma gari. Abin da ya tsira daga wannan kaɗan ne, kuma ba a kanti yake ba. Yana hannun mutane, a bayan gidaje da zaurukan tsofaffin garaji.

Mataki na farko: kada ka zubar da komai

Kafin ka taɓa sukurudireba, ɗauki hoton kowane lungu da wayarka, daga nesa da kusa. Duk abin da ka kwance ka sa shi a leda, ka rubuta inda ya fito: ƙofar gaba ta hagu, ƙasan sitiyari, da sauransu. Har ƙananan maƙalai na roba da ke riƙe allon ƙofa, ko sun karye, ka ajiye.

Ina nanata wannan ne don ni abin ya same ni. Ranar da aka ja motar zuwa garaji ban tsaya ba, yaran suka yaye tsohon rufin ciki da ya zubo, suka ƙone shi da shara, suna ganin gyara suka yi mini. Wannan tsumman shi ne awon da za a yanka sabo a kansa, da wuraren ɗinkinsa da aljihunan da sandunan ƙarfe ke shiga. Sai da na yi wata huɗu kafin na sami wanda ya yarda a auna na motarsa. Yagaggen abu na asali ya fi hoto amfani, don a jikinsa ne launi yake, da zanen fatar leda, da ramukan kusoshi, sau da yawa har da lambar kayan a bayansa.

Mataki na biyu: san wace mota ce a gabanka

Mutane na cewa "504 ai 504 ce". Wannan magana ta cinye kuɗin mutane da yawa. An fito da motar a Faransa a 1968, aka ci gaba da ƙera ta can har 1983, aka haɗa ta a Kaduna tun daga tsakiyar shekarun 1970 har bayan shekara ta 2000, aka kuma haɗa ta a Kenya da Ajantina. Mota ɗaya da ta yi fiye da shekara 35 ana ƙera ta, ba yadda za a yi cikinta ya tsaya iri guda. Na farko-farko giyarsu a jikin sitiyari take, daga baya ta sauko ƙasa, don haka kafet da abin da ke tsakanin kujeru suka bambanta. Samfurin L mai araha tablonsa daban yake da na GL da TI. Mai gazuwal tana da alamar ɗumama inji, mai esansi ba ta da ita. Doguwar mota tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya mita 2.90 ce, gajerar kuma 2.74, shi ya sa allon ƙofar baya da kujerun baya ba sa shiga wa juna. Ta iyali ma layin kujeru uku gare ta.

A nan Adar ruɗanin ya fi yawa, saboda motocinmu ta hanya uku suka shigo. Akwai waɗanda Turawa suka tuƙo ta hamada a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit da Agadas, suka sayar a nan ko a Yamai suka koma da jirgi. Akwai haɗin Kaduna da suka hauro ta Ƙonni da Maraɗi. Akwai waɗanda suka zo ta tashar jirgin ruwa. Bayan haka kowace ta sha faci da kayan ƴar'uwarta, har ka ga mota ɗaya da tablon wata shekara da kujerun wata.

Saboda haka buɗe bonet ka nemi ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya liƙa, ka kwafe samfuri da lambar sasi, ka gwada da abin da ke kan kartagiris, wato takardar motar. Motocin da suka fito daga 1981 lambarsu harafi 17 ce, na Peugeot ƙirar Faransa da VF3 suke farawa. Waɗanda suka girme su lambarsu gajera ce. Sannan ka juya kowane abu da ka kwance ka duba bayansa. Lambar kayan Peugeot ta wancan zamani lambobi huɗu ce, sai ɗigo, sai biyu. Da wannan lamba za ka yi magana da mai kaya a ko'ina a duniya ba tare da dogon bayani ba. Don launi kuwa, yanko ɗan ƙyalle daga ƙarƙashin kujera, inda rana ba ta taɓa gani ba, ka sa a aljihu. Abin da kake gani baƙi-baƙi a sama, ƙila ruwan ƙasa ne a asali.

Wani abu da ya taimake mu: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka haɗin Kaduna sitiyarinsu a hagu yake kamar namu, tablonsu na iya zama a motarmu in samfurin ya dace. Na Kenya da na Ingila sitiyarinsu a dama yake. Kome kyan tablonsu a hoto, kada ka saya.

Mataki na uku: raba kayan kashi uku

Zauna da takarda. Kashi na farko, abin da dole sai na asali: kwantar mai allurar gudu da ta mai, tablo, komodo mai kunna fitila da sigina, maɓallai, makullin sitiyari, ƙarfen kujera da layin da take gudu a kai. Kashi na biyu, abin da gwani zai iya yi a nan: rigar kujera, soso, allon ƙofa, rufin ciki, kafet. Kashi na uku, abin da ya kamata ka saya sabo: robar ƙofa da ta gilashi, da bel ɗin kujera. Bel kam kada ka yarda da tsoho ko kyauta aka ba ka. Zaren da ya sha rana shekara arba'in ido ba ya ganin ruɓewarsa, sai ranar da ake buƙatarsa ya tsinke.

Kuɗinka da ƙafarka a kan kashi na farko za su tafi.

Mataki na huɗu: fara daga tsofaffin gari

Kada ka fara da intanet. Fara da tasha. Tsofaffin direbobin da suka yi layin Tawa zuwa Ƙonni, Madawa, Abalak da Agadas sun san inda kowace 504 ta kwanta. Sun san wadda ke ƙarƙashin bedi a gidan magada, da wadda aka mayar rumbun dusa a ƙauye. Haka tsofaffin makanikai da masu aikin wuta. Da yawansu suna da tsohuwar akwatin ƙarfe cike da maɓallai da kwantoci da suka ajiye tun da daɗewa, don a zamaninsu ba a zubar da piyas.

Irin wannan neman yana da ladabinsa. Ba a shiga da maganar kuɗi. Ka je da safe ko bayan la'asar, ka gaishe su, ka zauna a sha shayi, ka faɗi ɗan wane ne kai da tarihin motar. Ka fito da karyayyen abin daga aljihu ka miƙa. Wani dattijo da ya yi aiki da mahaifinmu ya karɓi komodona ya jujjuya shi, ya ce, "Ɗana, wannan na tsohon yayi ne, mai giya a hannu. Ka dawo ranar Lahadi." Na ce, "To Baba, Allah ya kai mu, nawa zan tanada?" Ya ce, "Ka dai zo." Da na koma ya ba ni biyu, ya ƙi karɓar ko dala, sai goro da sukari na kai masa daga baya. Ba kowa zai yi haka ba, amma ko mai sayarwa, in ya ga ka san abin da kake nema kuma motar gida ce, farashinsa daban ne da wanda zai faɗa wa baƙo.

In ka sami matacciyar mota irin taka, shawarata ka saye ta ɗungurungum in da hali. Na jima kafin na yarda da wannan, don gani nake ɓarnar kuɗi ce. Amma ƙananan abubuwan da ba a lissafa su, wato kusoshi, maƙalai, zoben mariƙin ƙofa, murfin fitilar rufi, su ne ke cin lokaci, kuma mota ɗaya za ta ba ka su duka a rana ɗaya. Abin da ya rage ka yi musanya da shi ko ka sayar wa masu kilo. Sai dai ka tabbata wanda ya sayar maka yana da ikon sayarwa. In motar gado ce, a yi cinikin gaban sauran magada da shaidu, a rubuta. Kuma ka yi hanzari, don masu sayen ƙarfe na bin ƙauyuka suna yanka waɗannan motoci, su kuwa tablo da kujera shara ce a wurinsu.

Ka je kwancewa da kanka, da kayan aikinka. Wanda ake biya don ya cire abu da sauri, fizga yake yi, robar da ta bushe kuma ba ta jure fizga. A yi aikin da hantsi lokacin da roba ta ɗan yi ɗumi, ba da sanyin asubar hunturu ba. Waya kuma a yanke ta da nisa, a bar soket ɗinta a jiki. Duba kujeru da kyau kafin ka sa hannu. Motar da ta daɗe a ajiye gidan ɓera ce da kunama.

Mataki na biyar: kasuwanni, na gida da na ƙetare

In gari ya ƙare, sai Yamai. Katako ce wurin fara tambaya, daga nan za a nuna maka masu feray, wato masu sayar da kayan matattun motoci, da ke da tsofaffin Peugeot. Kada ka tsaya ga abin da aka rataye a gaba. Kayan ciki ba sa tafiya, don haka can baya ake jibge su ƙarƙashin ƙura, wani lokaci mai shagon ma ya manta da su. Ka ba yaron shago ɗan abin ruwa ya tona. Maraɗi da Damagaram ma suna da rabonsu.

Daga nan Najeriya, inda 504 ta fi daɗewa a kan titi, har ta zama motar gwamnati shekara da shekaru. Sakkwato ce kusa da mu ta Ƙonni da Illela. Kano akwai Ƙofar Ruwa, Kaduna akwai Panteka, Legas akwai Ladipo. A can sunayen kayan da Ingilishi aka aro su, mu kuma da Faransanci, don haka abin da kake kira tablo ko komodo ba lallai a gane ba. Hoto da lamba su ne yaren da kowa ke ji. In ba za ka je da kanka ba, nemi ɗan gari amintacce da ke fatauci can, ka tura masa hoto ta WhatsApp tare da ma'auni a jikin abin. Ya turo maka hoton gaba da baya da wuraren ɗauri kafin ya biya. Kunnuwan da kusoshi ke shiga su ne ke fara karyewa, kuma su ne ba a nunawa a hoto in ba ka tambaya ba.

A Turai kayan ciki sun fi lafiya, don rana ba ta gasa su ba. Tsatsa ce ke cin motocinsu ta bar cikin. Akasin namu ke nan: jikin motarmu garau, cikinta a ƙone. A shafukan Leboncoin da eBay, da zaurukan masu 504 na Facebook, da Faransanci za ka rubuta: planche de bord don tablo, panneau de porte don allon ƙofa, ciel de toit don rufin ciki, manivelle de vitre don mariƙin gilashi, ka ƙara lambar kayan. L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihin kamfanin a Sochaux, tana sayar da kayan tsofaffin motoci, wasu ragowar ajiya, wasu sake ƙerawa aka yi. Mercedes ma tana da sashen tsofaffin motocinta, Toyota kuma ta koma ƙera wasu kayan Land Cruiser 40. A birnin Paris ana yin baje kolin Rétromobile a farkon kowace shekara, a Lyon kuma Époqu'Auto a watan Nuwamba; mai ɗan'uwa a can zai iya ba shi takardar abin da yake nema.

Lissafin ba wuya, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi: abin yuro 100 jika 65 da ɗoriya ke nan, kafin kuɗin aikowa da na duwan. Yawancin masu sayarwa mutane ne a gidajensu, ba su aikawa Afirka, don haka kana buƙatar adireshin wani a Faransa da zai karɓa ya duba. Ƙananan kaya su bi jakar matafiyi. Tablo kuwa ba nauyi ne da shi ba, girma ne, kuma da girma ake cajin sa. Ka tambayi kuɗin aikowa kafin ka yi ciniki. Wanda ya ƙi ɗaukar maka sabon hoto da takarda mai kwanan watan ranar a gefen kayan, rabu da shi.

Mataki na shida: gwada kafin ka biya

Danna tablo da babban yatsa a wuraren da rana ta fi bugu. In ya lotsa ya dawo, da sauran rai. In ka ji ƙaras-ƙaras a ciki, soson ya mutu, zai fashe a bazarar farko. Kwantar a sa mata batir a ga allurar mai da ta zafi sun motsa, a juya bakin kebul ɗin gudu a ga allura ta tashi ba tare da rawa ba. Ka kula allurar mai sai ta dace da fulotar da ke auna mai a cikin tankinka, in ba haka ba ƙarya za ta riƙa yi maka. Komodo a ƙirga ƙafafun soket ɗinsa a gwada da naka. Kujera kada rigarta ta ɗauke maka hankali. Juya ta ka duba ƙarfe, da sifirin, da abin kwantar da baya. Riga ana ɗinkawa, karyayyen ƙarfen da aka sha yi wa walda shi ne matsala.

Mataki na bakwai: abin da ya gagara samu, a ƙera shi

Nan ne nake alfahari da garinmu. Tapisiye, wato mai ɗinkin kujeru, in mai hannu ne ka ba shi tsohuwar riga ya warware ɗinkinta ya shimfiɗa, zai fitar da sabuwa da layukanta yadda suke. Ka tsaya a kan abu uku: leda mai saƙa a bayanta wadda aka yi don mota, ba ta kujerar falo ba; soso mai tauri a mazauni, mai taushi a sama; da zaren da ke jure rana. Ya fara da kujera ɗaya, ka gani, kafin a yanka sauran. Allon ƙofa a zana tsohon a kan sabon isorel, wato siririn allon garin katako da aka matse, a huda ramuka daidai, a shafa wa bayansa baranis, sannan a liƙa leda a jikin ƙarfen ƙofa kafin a ɗaura, don ruwan damina da ke bin gilashi shi ne ya lanƙwasa na farkon. Gam na rufin ciki a nemi mai jure zafi. Na yau da kullum yana saki, rufin ya zubo maka a ka.

Dukawanmu na iya ɗinke sitiyari da rigar sandar giya da kyan da ba a samu a kanti. Amma ban ba da shawarar fatar jimar gida a kujera ba. Fatar akuya ƙarama ce kuma siririya, jimar bagaruwa kuma tana duhu a rana, rininta na iya bin gumi ya kama farar riga.

Mariƙin gilashi da na ƙofa, masu zubin tukunyar alminiyom na iya zuba su a yashi daga na asali. Ka tuna ƙarfen yana ɗan ƙanƙancewa in ya huce, kuma haƙoran ramin ba sa fita da kyau a zubi, sai an gyara da hannu ko a dasa tsohon bakin a ciki. Karyayyar roba kuwa ka ɗiga mata asetan, ruwan da ake goge jan farce da shi, a ɓoyayyen wuri: in ta yi danƙo, irin robar da ake kira ABS ce, ana narka ɓarɓashin irinta a asetan a cike tsagar. In ba ta ji ba, gam ba zai riƙe ta ba, sai a narka ta da ƙarfe mai zafi a dasa ƴar ragar waya a baya. In ka sami mai injin buga abu daga kwamfuta, yana iya fitar da maɓalli da maƙali, amma ka ce ya yi da robar ASA ko ABS. Robar PLA da suka fi amfani da ita tana laushi tun wajen digiri 60, a tablon motar da ke Tawa kuwa sati ba za ta yi ba.

Mataki na takwas: ajiya da ɗaurawa

Abin da ka samu kada ka ɗaura nan take. Wanke shi da ruwa da sabulu mai laushi, ban da esansi, ya bushe a inuwa. Ajiye shi a ɗaki, ba ƙarƙashin kwano a rana ba, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, allon ƙofa kuma a kwance don kada ya lanƙwashe. Sai an gama walda da fenti da aikin wuta, sannan a shiga ciki. Daga sama ake farawa: rufin ciki tukuna, don a motocin wancan zamani bakinsa ƙarƙashin robar gilashi yake shiga, sai gilasai, a zuba wa motar ruwa a tabbata ba ta yoyo, sai tablo, sai kafet, sai allunan ƙofa, kujeru a ƙarshe. Kowane maɓalli a gwada shi kafin a rufe tablo. Kusoshin da ke shiga roba a ɗaure su da hannu, da sun tsaya a bari.

Ranar da motar za ta fita, ta fita da mayafin tablo da abin tare rana a gilashin gaba. In za ka ajiye ta a waje ka nemi inuwa, ka bar gilashi a buɗe kamar faɗin yatsa. A gida kuwa ka kafa mata rumfa, ko ta zana ce, tun kafin a ɗaura tablon.